Labulen ɗakina ya haɗa ni da Umma

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24 a Kano, saura mako bakwai ɗaurin aurena, a farkon Disamba. Wanda zan aura ya kama mana haya, ɗaki biyu da falo a ƙasan bene. Matsalata za ki ga kamar ƙarama ce, amma wallahi ta hana ni barci: labule. Umma da Gwaggo sun je Kwari sun ga wani karan-miski ja mai duhu da zaren gwal, hawa uku har da tuntaye, sun ce shi za a sa a kowace taga har ta kicin, don kada dangin miji su raina mu. Kuɗinsa ya kusa na gado da katifa, Umma ta ce za ta sayar da sarƙarta ta cika. Shi kuma angon ya ce ba ya son tarkace, irin na roba da ake naɗewa yake so, kamar na ofishinsu, har yana cewa zai gaya wa Umma da bakinsa. Ni kuwa ina da asma, ƙura ce babbar abokiyar gabata. Sau ɗaya na leƙa gidan: tagar falo yamma take kallo, kuma daga barandar maƙwabta ana hango cikin falon tar. Da na ɗan yi magana, Umma ta ce tun ba a kai ni ba na fara fifita miji a kanta. Na yi kuka ranar. Ya zan yi ban ɓata wa kowa ba?

Wata amarya daga Kano

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kada ki ƙara cewa matsalarki ƙarama ce. Na karanta wasiƙarki sau biyu, abin da ya tsaya mini a rai shi ne kowa ya faɗi irin labulen da yake so, ke da za ki wuni ki kwana a bayansa ba ki faɗi naki ba. Kin gaya mini abin da kike tsoro, ƙura da idon maƙwabta da ɓacin ran Umma, amma ba ki ce ga launin da ranki yake so ba. Ki fara tambayar kanki wannan, don a nan gaba cikin maganar za mu buƙaci amsar.

Bari mu fara da Umma, tunda kalmarta ce ta sa ki kuka. Uwa da ta ce za ta cire sarƙar wuyanta ta sayar saboda labule, ba labulen take saye ba. Ranar jere mata za su cika gidan nan, 'yan ganin ɗaki za su ɗaga wannan su shafa wancan, su koma gida su ba da labari, kuma ita Umma ta halarci bukukuwa da yawa, ta ji irin maganganun da ake yi a kan 'ya'yan wasu. Ba ta so a yi a kanki. Tana so ki shiga gidan miji da kanki a ɗage. Da kika yi magana, ba “ƙura za ta dame ni” ta ji ba, abin da kunnenta ya ji shi ne “abin da kika zaɓar mini bai yi ba, na wancan ya fi”. Uwar da ta san saura kwanaki kaɗan a ɗauke mata 'ya, zuciyarta a kusa take. Maganar da ta faɗa ta yi zafi, kuma ba gaskiya ba ce, amma daga ciwon rabuwa ta fito, kada ki riƙe ta.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, zaɓin nan na karan-miski a kowace taga bai dace da ke ba, bai dace da gidan ba. Za a kai ki a farkon Disamba, hunturu ya kankama, lokacin da ake share ɗaki da safe kafin azahar a rubuta suna da yatsa a kan tebur. Karan-miski gashi ne da shi, ƙura shigewa take ta zauna, ga hawa uku, ga ninki, ga tuntaye, kowane lungu ma'ajiya ce. Duk sanda aka ja shi ko fanka ta kaɗa shi, abin da ya tara zai tashi ya shiga ƙirjinki. Ba kuma yadin da za ki sauke ki tsoma a baho ba ne: in ya sha ruwa sai mutum biyu sun kama, wani ma ba ya son ruwan sam, sai an kai masu wankin zamani an biya. Abin da wankinsa ke da wuya, a ƙarshe barinsa ake yi. Ki ƙara da turaren wuta, wanda ɗakin amarya ba ya rabuwa da shi, kuma yadi mai kauri riƙe hayaƙinsa yake kwana da kwanaki. Ga sauro da ke son laɓewa a ninkin yadi mai duhu da rana. Na kicin kuwa ba ma abin tattaunawa ba ne. Dogon yadi kusa da gas ko risho, iska ta kaɗo shi kan wuta, wannan haɗari ne da babu uwar da za ta yarda da shi in an nuna mata.

Angon naki ma bai gama daidai ba. Labulen ofis an yi shi ne don ɗakin da ake rufe tagoginsa a kunna na'urar sanyaya ɗaki, a tashi ƙarfe huɗu ko biyar. Gida kuwa buɗe taga ake yi, musamman in babu wuta, iska ta dinga buga robar da bango. Irin mai sala-sala a kwance, kowace sala faranti ce ta ƙura, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Mai arha in ya sha ranar yamma yakan lanƙwashe ko ya yi ƙamas ya fara karyewa, igiyarsa ta cije. Yana barin ɗan tsagi a gefe da gefe, wanda ya ishi mai kallo daga karkace. Sannan a kan girman taga ake yanka shi, ku kuwa 'yan haya ne, ranar da kuka tashi da wuya ya shiga tagar sabon gida. Amma yana da inda ya fi yadi nesa ba kusa ba, zan zo wurin. Abin da nake so ki hana shi da gaggawa, cikin lallashi, shi ne zuwa wajen Umma da wannan maganar. A al'adarmu kayan ɗaki hurumin iyayen amarya ne, suruki ba ya tsoma baki a ciki. In ya yi, Umma za ta shekara ba ta manta ba, kuma zai tabbatar mata da zargin da ta yi miki. Ki ce masa ya bar miki wannan, za ki fitar masa da haƙƙinsa ta hanyar da ba za ta taɓa surukuta ba.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai: ku daina zaɓen labule a kasuwa, ku je ku zaɓe shi a cikin gidan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuwa har yanzu babu wanda ya zauna a ɗakin ya ji. Umma mai yiwuwa kunya ba za ta bar ta ta je gidan 'yarta ba, amma Gwaggo dole ta je awo. To ki roƙa a tafi da ke, ki kuma shirya tafiyar ta faɗo da la'asar, wajen ƙarfe huɗu. Ki bar Gwaggo ta tsaya a gaban tagar yamman nan minti biyar, ta ɗora hannu a gilashin. Ba sai kin ce komai ba. Ki tuna mata kawai cewa wannan zafin ranar ƙarshen shekara ne, na Afrilu yana nan tafe, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Ku jira har bayan magariba, ku kunna fitila a falon, ke da ita ku fita waje ku kalli tagar daga inda maƙwabta suke gani. Gwaggon da ta ga haka da idonta, ita za ta koma ta gaya wa Umma, kuma maganar da ta fito daga bakin Gwaggo ba za a kira ta fifita miji ba.

Wannan tagar falon ita ce mai aiki biyu, kuma a nan zan ce ki bar wa Umma fili ta nuna bajintarta. Hawa biyu take buƙata a kan ƙarafan labule guda biyu. Na kusa da gilashi shara-shara ne, fari ko ruwan madara. Da rana, tunda waje ya fi ciki haske, shara-shara yana hana na waje ganin ciki, ke kuma kina samun haske da iska. Kakanninmu sun san wannan dabarar tun da daɗewa, ita ce ta asabarin da suke ratayawa a ƙofar ɗaki: na ciki yana ganin tsakar gida, na tsakar gida ba ya ganin na ciki, iska tana wucewa. Amma da dare abin juyawa yake. Kina kunna fitila, shara-shara ya zama kamar babu, mai tsaye a baranda zai ga har abin da ke cikin kwanonki. Amare da yawa ba su san haka ba sai wata maƙwabciya mai kirki ta ja su gefe. Don haka hawa na biyu dole ya zama mai kaurin da ba ya nuna inuwar mutum, a ja shi da la'asar saboda rana, a ja shi da magariba saboda sutura.

Wannan na biyun shi ne na ado. Umma tana son ja da gwal, to a samu ja da gwal, amma a yadi mai santsi marar gashi, irin mai zanen da aka saƙa a jikinsa, wanda yake sheƙi yana ɗaukar ido kuma ana iya wanke shi a gida. Irinsa yana nan birjik a Kantin Kwari da Sabon Gari. Abin da zan nace a kai shi ne a yi masa shafi da yadi mai haske ta ɓangaren da ke kallon rana. Launi mai duhu zuƙe zafi yake ya sake shi cikin ɗaki, mai haske kuwa yana mayar da wani kaso waje, kuma shafin shi zai sha ranar, ya kare jan daga koɗewa. In ba shafi, bayan bazara ɗaya za ki ga layi-layi a inda ninkin ya fuskanci rana. A bar hawan sama mai tattara da tuntaye, ko in Umma ta ƙi rabuwa da shi, a ɗinka shi daban yadda za a iya cire shi bayan biki. In kuma mai gida zai yarda a kafa 'yar rumfa ta waje a saman tagar, ta fi kowane labule maganin zafi, don ita tana tare ranar ne tun kafin ta taɓa gilashi.

In kun koma kasuwa, kada ki tsaya a baya kina kunya. Ki kunna fitilar wayarki ki sa ta a bayan yadin, ki ga yawan hasken da yake wucewa. Ki dunƙule gefensa a hannu ki sake, ki ga ko ya yamutse. Ki jiƙa farin hankici ki goga, in ya kama launi to yana zuba. In da hali, ki sayi rabin yadi ki kai gida ki wanke, ki ga ko ya shige. Mai auduga yakan shige a wankin farko, saboda haka a wanke shi kafin a yanka, ba bayan an ɗinka ba.

Awo ma ki san shi da kanki, don a nan kuɗi yake zurarewa. Ɗauki taga mai faɗin ƙafa huɗu, wato inci 48. Ƙarfen labule ya wuce ta da kamar inci shida kowane gefe, ya zama inci 60, don in an buɗe labulen ya koma kan bango ya bar wa iska hanya, in an rufe kuma babu tsagin leƙe. Faɗin yadin ya ninka tsawon ƙarfen sau biyu, inci 120 ke nan. Yadi ɗaya inci 36 ne, don haka a irin yadin labule mai tsayin da ya kai daga sama har ƙasa, yadi uku da rabi ya ishi wannan tagar har da kalmasa. In tela ya ce shida ko bakwai, ki tambaye shi dalili. A ɗaga ƙarfen sama da taga kamar taƙi ɗaya, ɗakin zai yi kamar ya ƙara tsayi. Ƙasan labulen ya tsaya kamar yatsa biyu kafin ya taɓa ƙasa. Wanda yake jan ƙasa kyau gare shi a hoto, amma shi zai dinga share miki falo yana shan ruwan goge-goge. Ki kuma ce a bar kalmasa mai faɗi a ƙasa, saboda in kun koma gidan da ya fi wannan tsayi, warwarewa kawai za a yi.

Ɗakin barcinki kuwa, a nan ba na so ki sassauta ko kaɗan, don a nan za ki yi awa bakwai ko takwas kina shaƙar abin da ke ciki. Hawa ɗaya mai matsakaicin kauri, marar gashi, marar tattara da yawa, mai zobba da za ki zare a minti biyu ki wanke ki shanya ya bushe kafin yamma. A hunturu ki wanke shi duk bayan mako biyu ko uku, kuma ranar saukewa ki sa takunkumi ko ki bar wani ya sauke miki. A nan ne amsar tambayata ta farko za ta yi aiki: launin da ke kwantar miki da rai shi za a sa. Shawara ɗaya zan ƙara. In tagar tana gabas, gabanki za ta kasance duk sanda kika tayar da sallah, to ki zaɓi marar hayaniyar zane. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Nana A'isha ta kawar da wani labule nata saboda zanensa yana bijiro masa a cikin sallah.

Sai haƙƙin ango. Kicin da banɗaki su ne gidan labulen roba: iska ba ta kaɗo shi kan wuta kamar yadi mai lilo, ba ya shan tururi da maiƙo, tsumma mai danshi ya ishe shi. Ya zaɓi irin shafaffe mai naɗewa sama, ya fi mai sala-sala sauƙin gogewa. Ɗaki na biyu ma, in can zai ajiye teburinsa da littattafansa, a bar masa ya sa abin da yake so. Dabarar ita ce ya sa su da kuɗinsa tun kafin ranar jere, tare da ragar sauro ta tagogi da sauran gyaran gida, wanda dama nasa ne. 'Yan jere za su zo su tarar da su a matsayin kayan gida, babu wanda zai ce an ƙi zaɓin Umma. Ragar nan kada ya yi wasa da ita, don labule kowane iri ne ba ya hana sauro shiga. Kuma tun yanzu ya kafa ɗan maratayi a sama inda za a naɗe igiyar, domin in Allah ya kawo yara, igiyar irin wannan labule mai lilo tana iya shaƙe wuyan ƙaramin yaro.

Ki lissafa da kanki: falo kaɗai ne zai ci yadi mai tsada, ɗakin barci mai sauƙi, kicin da banɗaki da ɗaki na biyu sun fita daga wuyan iyayenki. Ina kyautata zaton sarƙar Umma za ta tsira.

Saura yadda za ki yi mata magana. Kada ki yi a gaban Gwaggo ko wasu mata, uwa ba ta son a ga 'yarta ta juya ta. Ki bari sai bayan isha'i, gida ya yi shiru, ki zauna kusa da ita. Kada sunan angon ya fito ko sau ɗaya. Ki fara da ba ta haƙuri a kan ranar nan, ko da kina ganin ba ke ce da laifi ba, don wannan ne zai buɗe ƙofar. Sannan ki ce, “Umma, hunturu nake tsoro. A nan in ciwon ya tashi da dare kina kusa. Can ni kaɗai ce da mutumin da bai taɓa ganin ya tashi ba.” Ita ta yi jinyar wannan ƙirjin tun kina ƙarama, ta fi kowa sanin yadda numfashinki yake yi in ya sarƙe. Ki gaya mata kuma kina son ganin sarƙar nan a wuyanta ranar biki. Daga nan ki roƙe ta ita ta zaɓa miki na falo, launi da zane duk nata, ke naki sharaɗin kawai ya zama mai wankuwa.

In duk da haka ta tsaya a kan karan-miskin, ko kuma an riga an ba da kafin alƙalami, kada ki ja da ita har zumunci ya yi tsami. Ki nemi a rage shi ya tsaya a falo kawai, a kan ƙarafa biyu da shara-shara a bayansa. Ki bar shi ya yi makonnin ganin ɗaki, sannan ki sa a sauke miki shi, a kakkaɓe a waje ba kya wurin, a ninke a jaka mai zif, ki maye gurbinsa da mai sauƙi. Ranar sallah ko suna sai ki fito da shi, Umma ta ji labarin an gan shi a rataye. Amma ɗakin barci da kicin, ko mahaifinki ko yayarki za ki nema su sa baki, ki nema.

Kafin a kai ki kuma, ki je wajen likitanki ki gaya masa za ki koma sabon gida a tsakiyar hunturu, mai sabon fenti da turare, ya duba magungunanki. Abin shaƙarki ya kasance a jakar hannunki ranar kai amarya, ba a cikin akwatin da za a neme shi a rasa ba, kuma ki nuna wa angon inda kike ajiye shi da yadda ake amfani da shi. In kun dawo daga awon gidan ke da Gwaggo, ki rubuto mini abin da ta ce bayan ta taɓa gilashin.